Kwas ɗin shugabannin sikawut a bayan garin Legas: masu horarwar ne suka cancanci kuɗin

Tun da na dawo daga kwas ɗin lambar itace, wanda ƴan sikawut ke ce wa Wud Baj, malamai ƴan'uwana na Agege da Idi-Araba suke tare ni da tambaya guda: ya kai mutum ya bar makaranta da iyali, ya biya kuɗi, ya je ya kwana a tanti? Ya kai. Sai dai wanda zai je don ya ga wuri mai kyau, gara ya riƙe kuɗinsa. Fili ne a bayan gari, inda gidajen Legas suka fara yin jefi-jefi, da bishiyoyin kwakwar manja, da zaure ɗaya mai rufin kwano, da rijiyar burtsatse wadda ba ta ba da ruwa sai an tayar da janareta. Abin da kuɗinka zai saya maka shi ne zama da mutanen da ke tafiyar da wurin.

Yaran da nake riƙe da su a makarantarmu yawancinsu ƴaƴan mahauta ne na Oko-Oba, da ƴan gwari na Mile 12, da direbobin tirela waɗanda sai su yi sati biyu ba su kwana gida ba. Iyayensu sun san ƴan agaji sarai, suna ganinsu a masallacin Juma'a da filin idi. Sikawut kuwa, ko da yake ta shigo Najeriya tun 1915, har yanzu da yawa cikin mutanenmu kallon abin ƴan mishan suke yi mata. Don haka ba ƙulle-ƙullen igiya kaɗai na je nema ba. Na je in ga ko akwai abin da zan iya tsayawa gaban uba in kare da gaskiyata.

Shugaban kwas ɗin dattijo ne Bayarabe, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Ƙwayoyin itace huɗu ne rataye a wuyansa da tsinkiyar fata, alamar cewa shi mai horar da shugabanni ne. Mataimakansa uku-uku suke sakawa, wanda ya kammala kwas irin namu kuma biyu ake ba shi. Akwai ɗaki mai fanka a jikin zauren da aka tanadar masa, amma a tanti ya kwana har muka tashi, daidai da kowa. Ya taɓa zama a Kaduna, yana jin Hausa gwargwado. Kafin a busa ƙahon tashi ya riga ya zagaya tantuna, idan ya iske mu mun idar da asuba sai ya tsaya ya ce, "Malam, an tashi lafiya? Ruwan alwala ya isa?" In ce, "Lafiya lau, Baba, Allah ya ƙara girma." Tambayar ruwan nan ba ta fatar baki ba ce. Ranar da aka ce masa bai isa ba, da kansa ya je ya tashi mai janareta.

Ranar farko ya raba mu rukuni-rukuni, kowane da sunan tsuntsu, namu Hankaka. Shugabancin rukuni kullum sai ya sauya hannu. Yau hedimasta ne ke ba da umarni, gobe wani matashi bakanike daga Mushin ne zai ce wa hedimastan ya ɗebo itace, kuma dole ya ɗebo. Mu muke girkinmu da abin da aka auno mana daga sito, mu muke haƙa ramin shara, mu muke tsara wanda zai yi gadi. Baba ba ya ba ka amsa idan ka kawo masa matsala, sai ya tambaye ka me shugaban rukuninku ya ce. Da farko abin yana ba da haushi. Daga baya za ka gane so ake ka ɗanɗana abin da yaronka zai ɗanɗana. Tsarin nan daga tushe yake: a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907 Baden-Powell, sojan Ingilan da ya kafa sikawut, ya raba yara 20 rukuni huɗu, ya ɗora wa kowane rukuni yaro daga cikinsu. Tarbiyyar da muka tashi da ita, malam a gaba yara a zaune, tana da albarkarta kuma ba na raina ta. Amma ba ta koya wa ɗan shekara 13 yadda zai jagoranci sa'o'insa shida ba tare da zagi ko dundu ba, kuma wannan ne yaranmu na Legas suka fi rasawa.

Da dare a bakin wuta Baba kan ba mu tarihin inda aka samo kwas ɗin, ba kuma a matsayin labarin hira ba. Kowane mutum da ya ambata, sai ya nuna maka aikinsa a cikin abin da ka yi da rana. Asalin wurin shi ne Gilwell, wani fili a gefen dajin Epping, arewa maso gabashin Landan. Yaran unguwannin talakawa na gabashin Landan ba su da inda za su kafa tanti, sai wani attajiri ɗan Sikotilan, William de Bois Maclaren, ya ba da fam 7,000 aka sayi filin a 1919. Gidan da ke ciki ya lalace, ciyawa ta cinye ko'ina, har samarin da suka fara zuwa gyara sai a rumfar mai lambu suka kwana saboda ruwan sama. A watan Satumba na shekarar, daga 8 zuwa 19, aka yi kwas na farko. Gyalen wuyan da ake ba wanda ya kammala, mai launin toka-toka, har yau yana ɗauke da ɗan ƙyalle mai zanen gida-gida irin na dangin Maclaren a bayansa, don kada a manta da wanda ya ciro kuɗin. Shi kansa Baden-Powell da aka ba shi sarauta a 1929, sunan Gilwell ya zaɓa a jingina masa.

Shugaban sansanin na farko Francis Gidney ne, kyaftin ɗin soja da ya dawo daga yaƙin duniya na ɗaya da rauni. Gwanin gatari ne da hawan bishiya, kuma daga gare shi aka samo tambarin Gilwell, gatari kafe a jikin gungume. Ya bar aikin a 1923 bayan saɓani kan yadda za a tafiyar da wurin, ya rasu a 1928 bai kai shekara 40 ba. Wanda ya sa na fahimci Gidney ba Baba ba ne, mai kula da sito ne. Mutum ne ɗan gajere mara yawan magana, ba ya koyar da darasi ko ɗaya, amma babu wanda zai karɓi gatari ko adda a hannunsa bai sa hannu a littafi ba, kuma idan ka dawo da shi sai ya duba kaifin da ƙotar a gabanka. Ya iske gatarin rukuninmu kwance a ciyawa, bai ce uffan ba, ya ɗauka ya kafa bakinsa a gungume ya wuce. Wanda ya taɓa ganin yaro ya taka adda ba takalmi ya san abin da mutumin nan ya kawar. A ganina bayan Baba babu wanda ya kai shi amfani a wurin, kuma sunansa ko a takardar shirin bai fito ba.

Haka abin yake a can ma. Zoben fata da ake zura gyalen wuya a ciki, ba wani babba ne ya ƙirƙiro shi ba. Wani matashin ma'aikacin Gilwell ne, Bill Shankley, a farkon shekarun 1920, ya saƙa shi da siririn bel ɗin fata na keken ɗinki. Da na faɗa wa wani tela maƙwabcina a Agege sai ya ciro tsohon bel daga ƙarƙashin kekensa ya ce in gwada, kuma ya yi. Akwai kuma Don Potter, wanda ya zo wurin yana saurayi yana aikin ƙarfi, ya koyi sassaƙa a nan har ya zama sanannen masassaƙi kuma malami.

Bayan Gidney sai John Skinner Wilson, wanda ya bar babban muƙami a aikin ɗan sanda a Kalkata ta Indiya ya riƙe Gilwell daga 1923 zuwa 1943, kuma tun 1938 ya haɗa da shugabancin ofishin sikawut na duniya. A zamaninsa ne kwas ɗin ya bazu zuwa ƙasashe da tsari guda, wanda ya sa abin da ake koya a Legas yake da dangantaka da wanda ake koya a Nairobi ko Jakarta. Sai John Thurman, daga 1943 zuwa 1969, wanda aka fi sani da aikin igiya da sanduna: gadoji, hasumiyoyi, ƙofofin sansani, duk ba ƙusa ko ɗaya.

Ranar aikin Thurman ita ce ranar da na fi so. Wani mataimakin Baba, injiniya ne a sana'arsa, ya zube mana gora da igiyoyin rama a bakin wani kwazazzabo ya ce kafin la'asar yana so kowa ya tsallaka ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Ya riga ya koya mana ɗaurin da ake yi idan sanduna biyu sun gitta juna, da wanda ake yi idan ana son ƙafa uku su tsaya, da ƙullin ceto mai zoben da ba ya zarcewa ya shaƙe mutum. Ya zauna a gindin bishiya yana kallo. Gadarmu ta farko ta karkace tun ba a hau ba. Bai taso ba, sai ya aiko da tambaya ɗaya: wa ya duba ɗaurin ɗan'uwansa? Muka kwance muka sake, wannan karon kowa ya ja ɗaurin na kusa da shi kafin a ɗaga. Shi ne ya fara hawa, alhali ya fi kowa jiki a cikinmu. Malamin da zai ɗora nauyinsa a kan aikin ɗalibansa kafin su ɗora nasu, ni dai ya gama saye ni.

Mace ɗaya ce cikin manyan masu horarwa, ma'aikaciyar jinya, muna ce mata Mama. Darasinta ya kamata a ce kowane malamin Islamiyya ya ji shi ko da ba ruwansa da sikawut. Ƙuna: ruwa mai sanyi yana zuba a kai har minti 20, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja. Saran maciji: ba a tsagawa, ba a tsotsa, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti. Gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta sa kowannenmu ya ɗaure wa ɗan'uwansa bandeji har sai ta gamsu. Abin da ya fi zauna mini shi ne maganarta kan amanar yara. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ko a tanti ko a mota ko a ofis, kullum manya biyu. Ba a fita da yaro sai da izinin iyaye a rubuce. Kafin tafiya ka san wa ke da sikila, wa ke da asma, ka riƙe maganinsa a jakarka. Ta faɗi abubuwan da mu kunya ke hana mu faɗa, ta faɗe su da kamun kai, kuma babu wanda ya yi dariya. Mu da iyaye ke danƙa wa ƴaƴansu suna tafiya Kano ko Maiduguri da mota, wannan darasin wajibi ne a kanmu.

Yanzu ga abubuwan da na san iyayenmu za su tambaya.

Salla ba ta zama matsala ba. Musulmi suna da yawa cikin Yarabawan da suka zo, muka share gindin wata bishiya muka shimfiɗa tabarmi. Mai koyar da taswira da kamfas ma da alƙibla ya buɗe darasinsa, ya sa muka nemo ta da kanmu: daga Legas kusan digiri 63 ce daga arewa zuwa gabas, ba gabas sak ba kamar yadda wasu ke tsayawa. Alkawarin sikawut da hakkin Allah yake farawa, kuma kowa bisa addininsa. Gajeren wando ba dole ba ne, da dogo na yi kwas ɗina. Nama kuwa, da muka tambaya sai aka ce ɗayanmu ya raka mai cefane wurin mahautanmu, shi ke nan.

Musabaha da hagu ita ce ta fi ɗaukar lokaci. Ƴan sikawut da hannun hagu suke gaisawa. Labarin da ake bayarwa shi ne Baden-Powell ya gani a wurin Ashanti, lokacin yaƙin 1895 zuwa 1896 a ƙasar da yanzu ake kira Gana, cewa jarumi kan ajiye garkuwarsa ya miƙa hagu don nuna yarda. Na ce wa Baba, "Baba, idan yarona ya koma gida ya miƙa wa mahaifinsa hagu, ranar ce ta ƙarshe da zai sa yunifom." Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma a gidan Yarabawa ba a miƙa wa babba hagu, al'ada ce ta tsakanin ƴan sikawut a filin taro, kuma ba zai kori kowa a kanta ba. A wurin yarana dai sallama da hannun dama muke yi, sannan gaisuwar yatsu uku. Da ya kafe, da ban rubuta wannan yabon ba.

Sai batun ƙwayoyin itacen kansu, wanda ba na son a ɓoye wa kowa. Na farko da aka raba a 1919 daga abin wuyan Dinuzulu, sarkin Zulu, aka ciro su, wanda ya shiga hannun Baden-Powell a 1888 lokacin da sojan Ingila ke farautar sarkin a Afirka ta Kudu. Abin wuya ne na girmamawa da ake ba jarumai. Ƙahon da ya busa a Brownsea, ya sake busawa a Gilwell, na wata dabbar dawa ce dangin gwanki, shi ma daga yaƙin Matabele na 1896, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, ya zo da shi. Ganima ce, ba ta da wani suna. Mu da kakanninmu suka ga abin da ya faru a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903 ba ma bukatar a yi mana bayanin irin sojan da Baden-Powell yake ciki. Abin da ya burge ni shi ne Baba bai shafa wa labarin mai ba. Ya faɗe shi yadda yake, ya bar mu muka yi muhawara har wuta ta kusa mutuwa, wasu suna cewa a daina sakawa, wasu suna cewa abin Afirka ne ya dawo wuyan ƴan Afirka. Ni ina tare da na biyun, da sharaɗin a riƙa gaya wa yara sunan Dinuzulu duk lokacin da aka gaya musu na Baden-Powell.

Akwai gyara, kuma ba kaɗan ba. Ruwa ya yanke fiye da sau ɗaya saboda man janareta ya ƙare, abin da lissafi kaɗan zai hana. Banɗakin mata yana can nesa ba fitila, wannan kuwa ba abin da za a yi wa uzuri ba ne a wurin da ake koyar da amana. Jerin kayan da za a zo da su bai iso mu ba sai ana gobe tafiya, wasu suka zo ba gidan sauro. An sa babban gwaji a daidai lokacin Juma'a, sai da muka yi magana aka matsar da shi, alhali tun wurin tsara jadawali ya kamata a lura. Akwai wani matashi cikin masu taimakawa da ya ɗauki wurin barikin soja, yana daka wa magidanta tsawa, har ya sa wani tsallen kwaɗo don ya makara. Baba ya ja shi gefe, washegari ya sauya, amma irin wannan ne ke komawa ya yi wa yara abin da ya fi haka, kuma ban ga dalilin ba shi usur tun farko ba.

Abin da ya fi damuna harshe ne. Takardu duk da Turanci, waƙoƙin bakin wuta yawanci da Yarabanci, bayani idan ya yi zafi a koma Turancin buroka. Ni na iya bi, amma na san malamai nagari a Alaba Rago da Mile 12 waɗanda yara ke jin maganarsu fiye da tawa, kuma rabin darasin zai wuce su. Laifin ba na masu shiryawa kaɗai ba ne. Hausawan da muka je ba mu cika rukuni ɗaya ba, kuma babu Bahaushe ko ɗaya cikin masu ƙwaya uku ko huɗu da suka koyar da mu. Ba za a fassara wa wanda bai zo ba.

A sani kuma, ba a rataya wa kowa ƙwayoyi ranar tashi daga sansani. Sai ka koma wurin yaranka ka yi watanni kana aiki da abin da ka koya, a zo a duba. Mai kula da rukuninmu ya shigo danfo da kuɗin aljihunsa ya zo har Agege wata Asabar, ya zauna a benci a bayan fili bai sa baki ba, yana kallon wani yarona ɗan mahauci yana koya wa ƙannensa ɗaurin bandeji. Da aka tashi ya ba ni gyara uku a rubuce, ɗaya daga ciki cewa har yanzu ina saurin karɓe magana daga bakin shugabannin rukuni.

Wanda ya yi niyya ya nemi kwas ɗin da ya faɗo a rani, domin ruwan Yuni da Yuli na Legas ba ya barin tanti. Ya tafi da gidan sauro, da buta, da tocila, da takalmi rufaffe, da garin kuka da daddawa, don ranar girkinka za ta zo kuma ƴan rukuni za su so su ɗanɗana naka. Ya nemi rasit na duk abin da ya biya. In da hali ku haɗu ku uku ko huɗu daga unguwa ɗaya, mai jin Turanci ya riƙa taimakon wanda bai ji sosai. A namu ɓangaren, kwamitin iyaye ya amince zai biya wa mataimakina na gaba, kuma muna neman malama ɗaya da maigidanta zai yarda ta je, saboda ƴan matan makarantar sun fara tambayar yaushe za a buɗe nasu rukunin.